Zabo ɗan ƙasa, kaza baƙuwa



In an tambayi yaro a lakwal wane ne na gida tsakanin kaza da zabo, ba ya ko tsayawa, kaza zai ce. Ita ke kwana cikin akurki, ita ke bin mata wurin sussuka. Zabo kuwa bisa icce yake kwana, zabuwa cikin haki take kai ƙwai, in an so kama ta sai an tara yara. Amma bisa ga tarihi, zabo shi ne ɗan ƙasa, kaza baƙuwa ce.

Asalin kaza ƙasashen gabas ne, wajen Indiya da Tailan, inda har yau ake samun ta daji. Masu tonon kufai sun samu ƙasusuwanta a tsohon garin Jenne na ƙasar Mali da Kirikongo ta Burkina Faso, waɗanda suka haura shekara 1000. A 1352, da matafiyin nan Ibn Batuta ya ratsa ƙasar Mali, ya tarar da matan ƙauye suna fitowa da hatsi da nono da kaji suna saida ma ayari. Ku lura, tun lokacin nan cinikin kaji hannun mata yake.

Shi zabo a dajin Afirka Allah ya yi shi, kuma nan yammacin Afirka aka mai da shi na gida. Rumawan da sun san shi, suna ce mishi kazar Numidiya, wato wani yanki na Aljeriya ta yau. Daga baya ya ɓace musu, sai wajen shekarun 1400 Turawan Fotigal suka sake ɗaukar shi daga bakin tekun Gine. Sunan nan "pintade" da muke koya ma yara cikin aji, daga bakin Fotigal ya fito, ma'anarshi mai zane. Yau Faransa na kiwon zabi dubu-dubu cikin manyan ɗakuna, har irin da suka gyara ya komo mana ta jirgi, ana ce mana ya fi namu nama. Abin naka ne, ya tafi karatu ya komo da tsada.

Dabarar da ta riƙe kiwon ga, babu wanda ya kawo mana ita daga waje. Kakanninmu sun gane zabuwa gwanar ƙwai ce amma ba uwa ba ce. Da ruwa ya sauka take fara sakawa, har kaka. In an bar ta ta ƙyanƙyashe, sai ta ja ɗiyan cikin raɓa tun da asuba, kafin kwana uku rabi sun tafi. Shi ya sa ake kwashe ƙwanta, a bar ɗaya ko biyu a gurbi don kar ta sake wuri, a ba kaza mai kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28. Tsofaffin mata, da ba su taɓa riƙe alli ba, sun san wannan lissafi sarai: sai ƙwan zabuwa ya yi mako guda ƙarƙashin kaza sannan su ƙara nata, don su fito tare, ƴan tsaki su koya ma ɗiyan zabi tsatsar abinci. Yara kuma da sassafe a tafi ɗebo gara. Baƙuwa ke nan ke renon ɗiyan mai gida, shekara da shekaru.

Zamanin Turawa kaza ta sha wuya tare da masu ita. Kumandan ya fito rangadi, sai gardawa su riga shi shiga gari, a tara kaji da ƙwai na saukar baƙo, babu mai maganar kuɗi. Lokacin lanho kuma, wanda ba shi da akuya zabinshi yake kai kasuwa.

Inda darajarsu ta fito fili shi ne shekarun fari. A 1973 da 1974, da kuma 1984, shanu da tumaki sun faɗi, masu garke sun wayi gari da sanda kaɗai. Gidaje da dama da kuɗin zabi biyu ko uku suka auno tiyar hatsi, da kuɗin kaji kuma aka sayi ƴar akuya ta farko bayan da ruwa ya komo. Mun sha jin ana lissafin bisashen da suka mutu cikin waɗannan shekaru, amma ba mu taɓa jin an lissafa gidajen da akurki ya riƙe ba.

Gwamnati ta buɗe gidajen kiwon kaji a Gudal kusa da Yamai, da Maraɗi, da Mirriya. An kuma yi yayin raba zakarun Turai a ƙauyuka, a karɓe na gida don a gyara iri. Niyya mai kyau ce. Sai dai zakaran da ya saba da buhun abinci bai iya tono ba, bai san inuwar shaho ba, zafin bazara kuma ya fi ƙarfinshi. A ganinmu an fara da abin da bai fi damunmu ba. Ba ƙaramin jiki ke ƙarar da kajinmu ba, ciwo ne.

Kowa ya san shi. Da iskar hunturu yake zuwa: kaza ta yi zugum, fikafikai a ƙasa, zawo kore, wuya ya murɗe, cikin mako guda unguwa ta yi tsit babu cara. Likitocin bisashe na kiran shi Niyukasal, sunan garin Ingila inda aka gane shi a 1926. Ba ya jin barkono cikin ruwan sha, ba ya jin kafso na mutane. Mu da kanmu muke yaɗa shi, don da kaza ta fara rausaya sai a ruga da sauran kasuwa a karyar, mai neman araha ya kai gidanshi.

Murar tsuntsaye daban ce, ko da yake alamunsu sun yi kama. A watan Fabrairu na 2006 ta ɓulla a Nijeriya, cikin watan nan kuma aka tabbatar da ita a Magarya. An yanka kaji da agwagi, an hana ɗaukar su zuwa wasu kasuwanni, har masu dafaffen ƙwai na tasha sun ji a jikinsu, don mutane sun tsorata da duk abin da ke da fiffike.

Niyukasal dai yana da riga-kafi, akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido wanda ake maimaitawa bayan wata huɗu. Kuɗin kaza guda ya isa a yi ma akurki duka. Amma sai kafin ciwo ya shigo yake amfani, wato da an gama ɗaurin hatsi, kuma sai unguwa ta yi tare, har da zabi, don kajin maƙwabta kasko guda suke sha. Mai son a sa gidanshi cikin lissafi ya faɗa ma magajiyar ƙungiya yawan kajinshi da zabinshi, don a san kwalba nawa za a aiko daga ma'aikatar kiwo.