Kunun Zaki: Tarihinsa da Abin da Masana Suka Gano a Cikinsa

'Yan uwa mazauna birane, duk wanda ya tashi a garinmu ya san ƙarar taɓarya da asuba, ya kuma san ƙamshin gasarar da ta kwana a tukunya. A bana mun zaɓi mu waiwayi tarihin kunun zaki da danginsa, wato koko da fura, domin mun lura yaranmu na birni sun fi sanin lemon kwalba fiye da abin da ya raini iyayensu.

Gero tsohon abokin zamanmu ne. Masu binciken kayan tarihi sun sami shaidar nomansa a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali tun kimanin shekaru 4,500 da suka wuce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma ya ambaci fura a cikin labarin tafiyarsa. Fataken goro ma sun bi hanyar Gwanja da al'adunsu, shi ya sa har gobe mutanen Ghana ke kiran kokonsu na safe da sunan Hausawa.

Iyayenmu mata kan jiƙa gero, su wanke, su niƙa shi da citta da kanumfari da masoro. Sai su raba ƙullun kashi biyu, su dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa. Idan ya sha iska sai su zuba ɗanyen kashin tare da niƙaƙƙen dankali ko tsiro, su rufe ya kwana, da safe su tace. Ba su taɓa shiga aji ba, amma sun san cewa idan aka haɗa shi da zafinsa kunun ba zai yi daɗi ba.

Dalilin haka bai fito fili ba sai a 1857, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, su ne ke kawo irin wannan tsami. Ruwan zafi yana kashe su, saboda haka ɗanyen kashin nan shi ne irin shuka. A 1878 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Lukonostok, bayan an same ta tana mai da ruwan sukari ya zama yauƙi a masana'antu. Wannan yauƙi, da ake kira dekstiran, doguwar sarƙar sukari ce da bakteriyar ke saƙawa ta fitar a bayan jikinta. A shekarun 1940 masana a Suwidin suka tace shi, aka riƙa ƙara wa waɗanda suka zubar da jini da yawa.

Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun sami ita Lukonostok da 'yan uwanta, Waisela da Laktobasilus, a cikin kunun zaki. Yawancin kaurin kunu daga garin geron yake, amma wannan sarƙa tana ƙara masa santsi, tana kuma rage saurin tsinkewarsa. Cikinmu ba ya narkar da ita duka, don haka takan wuce zuwa babban hanji ta zama abincin bakteriya masu amfani da ke zaune a can. Ko a koko, wanda zafin damu ke kashe ƙwayoyinsa, sarƙar takan saura. Gwaji a kan dabbobi ya nuna wasu ire-irenta suna rage kitsen jini, sai dai wannan bai mai da kunu magani ba, kuma kada mai ciwo ya bar asibiti dominsa. Abin da ya tabbata shi ne, tsamin yana hana ƙwayoyin gudawa da dama yaɗuwa, yana kuma sauƙaƙa wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga hatsi.

To, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kunun da aka tace da gurɓataccen ruwa, aka ɗura a tsohuwar gorar roba da aka tsinto, cuta ne. Wanda aka cika da sukari kuwa haɗari ne ga masu ciwon suga, waɗanda ke ƙaruwa a cikinmu mazauna birane.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, alhali mu masu abin muna neman sakinsa. Tsofaffin da suka san yadda ake gane ƙullu ya kai ta hanyar shinshinawa kawai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shawararmu ita ce, idan kun zo gida hutun salla, ku tura yaranku madafa su zauna da kakanninsu, su jiƙa gero, su niƙa, su tace da hannunsu, da ruwa mai tsabta da mazubi mai tsabta. Wanda ya iya sai ya koma birni da wannan sani, ya koya wa na bayansa.