Tarihin abin bara: daga tsuntsu mai rai zuwa allon takarda

Idan ana maganar tarihin harbi, baka da kibiya da bindiga ake ambato, sai kuma sunayen gwanaye. Ba a cika waiwayar abin da ake aunawa ba, wato abin bara, da abin da ake kafa shi a kai, da kuma abin da ke bayansa. Alhali duk wanda ya iya harbi, a kan wani abu ya koya. Wanda ya bi tarihin wannan abu zai tarar mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna gyaran abu biyu: kada a koyi harbi a kan mai rai, kuma kada abin da aka harba ya zarce ko ya dawo ya sami wanda ba shi aka nufa ba. Malamai da uwaye, mu da muke ganin yara da danƙo a aljihu kullum, muna da rabo cikin wannan tarihi.

A zamanin da, tsuntsu ne abin bara mafi sauƙin samu. A tsohuwar waƙar Girkawa mai suna Iliyad akwai gasar da aka ɗaure kurciya a kan dogon itacen jirgin ruwa ana harbinta. Larabawa ma sun san irin wannan wasa. An ruwaito a Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske wasu samarin Ƙuraishawa sun kafa tsuntsu suna gwada kibau a kansa, da suka hango shi sai suka watse. Ya shaida musu cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin bara. Farauta don abinci daban take. Abin da aka hana shi ne a tsare dabba a riƙa koyon hannu a jikinta.

Da yake gwaninta ba ta samuwa sai da gwaji, sai aka nemi abin da zai tsaya a madadin tsuntsun. A Masar, zamanin Sarki Baibars wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, an keɓe fili a Alƙahira don wasan da ake kira ƙabaƙ, kalmar Turkanci mai nufin gora. Akan ɗora gorar a ƙolin dogon itace, mahayi ya taho a sukwane, ya ɗaga baka ya harbe ta yana wucewa. A Faransa da Beljiyam kuwa, tsuntsu aka riƙa sassaƙawa da itace a ɗora shi a kan hasumiya ko dogon sanda, wanda ya kakkaɓo shi a naɗa shi sarkin maharba na shekara guda. Har yau ana wannan wasa a Beljiyam da arewacin Faransa, a kan sanda mai tsawon kusan metir 30.

A Ingila ne aka mai da koyon harbi dokar ƙasa, domin da ƴan baka sarakunansu suke yaƙi. A 1363 Sarki Edward na III ya umarci duk namiji mai lafiya ya riƙa gwada baka a ranakun hutu, ya kuma hana wasannin ƙwallo don kada su ɗauke hankalin samari. A 1541, zamanin Henry na VIII, doka ta ɗora wa uba nauyin samar wa ɗansa baka da kibau 2 tun daga shekara 7 har zuwa 17, ta kuma wajabta wa kowane gari ya tanadi wurin gwaji. Wurin gwajin nan tudun ƙasa ne da ake tarawa da hannu, a lulluɓe shi da ciyawa, a manna ɗan farin ƙyalle ko wata alama a tsakiya. Yawanci biyu ake yi suna fuskantar juna, a harba can, a je a tsince kibau, a juyo a harbo nan. Hikimar tudun ita ce ƙasa tana haɗiye kibiya ba tare da ta karya ta ba, kuma wadda ta kuskure alamar ma a tudun take tsayawa.

Duk da haka an yi asarar rayuka. Steven Gunn, masanin tarihi a jami'ar Oxford, ya bi takardun binciken mace-mace na ƙarni na 16, ya ƙirga mutum fiye da 50 da kibiya ta kashe bisa kuskure. Wasu sun tsaya kallo dab da tudun, wasu sun je tsintar kibau alhali wani bai gama harbi ba. Ba baƙi ba ne suka kashe su, maƙwabta ne da abokan wasa.

Da bindiga ta kori baka daga fagen yaƙi, harbin kibiya ya koma wasan masu hali, su kuma suna son abin da za a ɗauka a kai lambu a dawo da shi. Nan aka samu allon ciyawa: a murɗa karan hatsi kamar igiya mai kauri, a naɗe shi zagaye ana ɗinkewa, kamar dai yadda matanmu ke ɗinkin faifai, sai dai ya fi girma da kauri. A jingina shi a kan katako mai ƙafa uku, a shimfiɗa masa zane mai zobba. An daidaita tsarin zobba biyar ne a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Yariman Wales ya zama uban wata ƙungiyar maharba ta Landan a 1787. Yau a wasannin Olamfik allon yana da faɗin santimetir 122, ana harbinsa daga metir 70. Launukansa daga tsakiya su ne rawaya, ja, shuɗi, baƙi da fari, kuma zoben da ke ba da maki 10 santimetir 12,2 ne kawai.

Masu bindiga sun yi amfani da allon ƙarfe. A 1860 aka buɗe babbar gasa a filin Wimbledon kusa da Landan, Sarauniya Biktoriya ta ja igiyar da ta tayar da bindigar farko, harsashi ya sami allon ƙarfe daga nisan kusan metir 365. Allon ƙarfe yana daɗewa, ana shafa masa farin fenti a ga inda harsashi ya sauka. Aibinsa shi ne dalma idan ta bugi ƙarfe sai ta tarwatse, ɓarɓashinta ya fantsama, kuma masu duba maki a ɗan maɓoyi suke zaune kusa da allon. Shi ya sa aka koma ga zane ko takarda da ake ɗaurewa a kan katako, a tona dogon rami a gabansa, mai duba maki ya zauna ciki yana ɗaga allo yana saukewa, a kuma tara babban tudun yashi a baya. Wato an dawo ga dabarar tudun ƙasa ta ƴan baka. Daga baya gidaje suka matso kusa da filin, bindigogi kuma suka ƙara nisan zango, sai aka kwashe gasar zuwa Bisley a 1890.

Tsuntsu mai rai bai bar fage da wuri ba. A ƙarni na 19 Turawa sun riƙa zuba tantabaru cikin akwati, a ja igiya murfi ya buɗe, a harbe su suna tashi. A Amurka, Adam Bogardus ya fito da na'urar cilla ƙwallon gilas a 1877, wasu har gashin tsuntsu suke cusawa ciki don ya watse idan an same shi. Gilas kuma ya bar fasassun kwalabe a filin kiwo. A 1880 George Ligowsky, mutumin Cincinnati, ya yi rajistar ɗan faifan yumɓu da ake gasawa, wanda ke shawagi a iska kamar tsuntsu. Jikansa ne ake harbi yau, mai faɗin santimetir 11. Duk da samuwar wannan madadi, a gasar da aka yi lokacin wasannin Olamfik na Paris a 1900 an kashe tantabaru kusan 300, wanda ya zo na ɗaya, Léon de Lunden na Beljiyam, shi kaɗai ya kayar da 21. Sai a 1921 majalisar Birtaniya ta haramta harbin tsuntsun da aka sako daga akwati.

A wurinmu gwajin bindiga aikin soji ne, a filinsu, ƙarƙashin dokarsu. Amma yaranmu suna da danƙo, wasu suna lanƙwasa itace su yi baka, kuma abin da suka samu shi suke aunawa: ƙadangare a bango, tsuntsu a bishiya, kwalba a kan katanga, ƙofar kwano. Kowanne daga ciki kuskure ne da tarihin nan ya riga ya nuna. Ƙadangare da tsuntsu masu rai ne. Kwalba tana barin gilas inda ƙanana ke yawo ba takalmi. Kwano da dutse suna maido tsakuwa zuwa ido. Katanga kuwa ba a ganin wanda ke bayanta.

Hana yaro ɗungurungum ba ya cika aiki, sai dai ya koma bayan gari inda babu mai ganinsa. Ya fi kyau uba ko malamin lakwal ya tsaya a kai. Tsohon buhu a cika shi da tsumma ko ƙaiƙayi, a manna masa kwali mai zobba, a rataye a kan sanduna uku da aka ɗaure a sama. Ba sai an sayi komai ba. A kafa shi ƙasa-ƙasa a gaban tudun yashi ko doguwar katangar laka, nesa da hanya da rijiya da turken dabbobi. A ja layi a ƙasa, kowa ya tsaya bayansa. Kada wani ya je tsintar kibiya ko duba maki sai kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, babba ya ba da izini. Kafin a fara kuma, babban ya taka da ƙafarsa ya je ya duba abin da ke bayan allon.