Soyayya da Mutunci a Ƙagaggun Labaran Tarihin Sudan

A shekarar 2014 marubucin Sudan Hammour Ziada ya fitar da littafinsa Shauƙul Darwish, wanda ya ci lambar yabo ta Naguib Mahfouz. Labarin ya gudana ne a zamanin Mahadi, tsakanin faɗuwar Khartum a 1885 da cin Omdurman a 1898. Bakhit Mandil, wanda bawa ne, ya kamu da son Theodora, Bagirkiya 'yar mishan, sai asali da addini suka gitta tsakaninsu. Haka nan a littafin Leila Aboulela, Lyrics Alley, na 2010, dangin attajirai a Omdurman ta shekarun 1950 sun warware baikon Nur da Soraya bayan haɗari ya naƙasa shi.

Me ke jan masu karatu zuwa ga irin waɗannan ayyuka? Littafin tarihi yakan tsaya ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ƙagaggen labari kuwa yakan shiga cikin gida, ya nuna wanda aka hana aure don gudun abin faɗa. Ɗalibin da ya saba da littattafan soyayya na Kano ba baƙon wannan tsoro ba ne: me mutane za su ce?