Zanen gado a ƙasar waje: Yadda ake gane mai laushi da aminci ba tare da an taɓa ba

A kasuwar Batsari, ko a shagunan Safana da Runka, ba a sayen zanen gado da ido kaɗai. Uwar amarya da ke haɗa kayan ɗaki takan sa mai shago ya warware shi, ta murza bakinsa tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ta duba ta hasken rana, wani lokaci har ta kanga shi a kunci. Idan ta ji santsin roba sai ta ajiye, ko da kuwa furannin da ke jikinsa sun ɗauki hankalinta. Wannan sani ne na mutanen da suka tashi a ƙasar auduga. Kakanninsu mata sun gurje ta sun cire angurya, sun shiɓe ta, sun kaɗa ta da mazari, masaƙa kuma suka mayar da ita gwado da luru. Jihar Katsina tana cikin manyan wuraren noman auduga a Najeriya tun zamanin da kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi.

Sai dai wanda ya bar gida, ko ɗalibi ne a Ingila, ko ma'aikacin lafiya a Saudiyya, ko matar da ta bi mijinta Amurka, yakan tarar da zanen a naɗe cikin leda an liƙe, ko kuma hotonsa kawai zai gani a waya. Ba mai shagon da zai warware masa, ba kuma tayi. Abin da hannu ke ganewa a gida, a can sai an karanto shi daga 'yar takardar da ke jikin kaya. Ita kuwa takardar, akwai inda take faɗin gaskiya, akwai inda aka rubuta ta don jan hankalin mai saye.

Tsawon silin auduga

Laushin da zai daɗe daga silin audugar yake fitowa. Kusan kashi 90 cikin 100 na audugar duniya iri ɗaya ce, mai matsakaicin sili, wanda tsawonsa bai cika wuce milimita 30 ba. Irinta ce ake nomawa a gonakinmu, har da wasu daga cikin ire-iren Samcot da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar. Akwai kuma wata mai dogon sili, milimita 35 zuwa sama, wadda ake nomawa a Masar da Peru da kudu maso yammacin Amurka. Ita ce ake sayarwa da sunan audugar Masar, ko Pima, ko Supima.

Duk wadda ta taɓa kaɗi ta san dalilin bambancin. Gajeren sili yana barin bakuna da yawa a jikin zare. Bayan wanki biyar ko goma bakunan nan sukan miƙe, su dunƙule, zanen ya fito da ƙananan ƙulalai masu kaushi kamar ƙuraje. Dogon sili kuwa yakan ba da zare siriri mai ƙarfi, wanda wanki ke ƙara masa laushi. Idan takardar ta ce an taje audugar kafin kaɗi, wannan ma alama ce mai kyau, domin tajewar tana fitar da gajerun silin.

Amma sunan Masar kaɗai bai isa shaida ba. A shekarar 2016 kantunan Target na Amurka sun yanke hulɗa da kamfanin Welspun na Indiya, bayan sun gano cewa zannuwan gado da rigunan filo kimanin 750,000 da aka sayar a matsayin audugar Masar ba ita ba ce. Idan babban kanti irin wannan zai sayar da jabu har na kusan shekara biyu, to sabon zuwa da ke sayayya ta intanet sai ya yi hattara. Abin dubawa shi ne a rubuta kashi 100 cikin 100, domin zanen da aka ce yana "ɗauke da" audugar Masar mai yiwuwa ɗan kaɗan aka zuba. A kuma duba farashi. Dogon sili yana da tsada tun daga gona, saboda haka wanda aka same shi da kuɗin akoko, akwai magana.

Ga wanda ke ƙasar da ba a Turanci, kalma ɗaya ta ishe shi ya riƙe. Auduga ita ce coton a Faransa, Baumwolle a Jamus, pamuk a Turkiyya, ƙuɗun a ƙasashen Larabawa.

Yawan zare

Lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin leda ita ce ta yawan zare: 400, 800, 1,000, har 1,500. Ma'anarta adadin zaren tsaye da na kwance da ke cikin murabba'in inci ɗaya. A masaƙar gargajiya, zare mai ƙarfi ne ke tsayawa, abawa mai laushi ke ratsa shi. Ka ƙidaya su duka a inci guda, ka sami lambar.

Inci ɗaya kuwa yana da iyakar abin da zai ɗauka. Don haka wasu masana'antu sukan murɗe sirara biyu ko uku na zare mai rauni su zama ɗaya, sannan su ƙidaya kowanne daban. Da haka zanen da hakikaninsa 300 ne yake komawa 900 a rubuce, ya yi nauyi, ya hana iska wucewa, mai shi ya kwana yana gumi. Zanen auduga mai kyau, mai zare tilo, yakan faɗa tsakanin 200 da 400 a saƙa ta yau da kullum, ko 300 zuwa 600 a saƙa mai sheƙi. A ganina, lambar da ta haura haka ta fi amfanar mai talla fiye da mai barci.

Irin saƙa da yanayin gari

Saƙa biyu suka fi yawa. Ta farko, wadda ake kira fakel, bi-da-bi ce: zare ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kamar saƙar tabarma. Ba ta sheƙi, tana da ɗan tauri tana sabuwa, tana yamutsewa, amma tana da sanyi a jiki kuma tana jure wanki. Ta biyu ita ce satin na auduga, inda zare ke tsallake uku ko huɗu kafin ya nutse ƙarƙashin ɗaya. Wannan ne ke ba ta santsi da ƙyalli tun ranar farko. Sai dai ta fi riƙe zafi, kuma farce ko kaushin ƙafa na iya jan zarenta.

Wanda ya san zafin bazara a Safana, lokacin da mutane ke fitar da shimfiɗa tsakar gida, zai fahimci abin da ya dace da Jidda ko Dubai: fakel, ko zanen lilin, wanda ake saƙawa daga zaren wata ciyawa kuma ba a auna shi da yawan zare kamar auduga. Lilin yana da tsada, yana kuma da kaushi da farko, amma yana shan gumi ya bushe da wuri. Wanda kuma ya sauka Kanada ko arewacin Ingila zai ga cewa sanyin hunturun da ke sauka a gefen dajin Rugu wasa ne. A can filanel ya fi, wato auduga da aka goge fuskarta ta yi gashi-gashi. Shi da nauyi ake auna shi, kuma giram 170 a kowane murabba'in mita zuwa sama shi ne mai kauri. A Birtaniya bargon da ake zurawa cikin riga yana da nasa ma'aunin ɗumi mai suna tog: 4.5 na lokacin zafi, 10.5 na tsaka-tsaki, 13.5 na tsananin sanyi.

Akwai zane mai arha da ya cika kantuna, mai taushi kamar fatar jariri, wanda ake kira maikurofaiba. Foliyesta ce zalla, wato dangin roba. Ba ya yamutsewa kuma yana saurin bushewa, shi ya sa ɗalibai ke son sa, amma ba ya shan gumi, kuma mai ƙaiƙayin fata ko yaro mai ƙurajen zafi zai iya shan wahalarsa. Akwai kuma wanda ake cewa na gora ne. Gaskiyar magana, an narkar da goran ne da sinadarai aka mayar da shi zaren rayon. Yana da laushi da sanyi, ba laifi, amma sunan ya sha jawo rigima: a 2022 hukumomin Amurka sun ci tarar Walmart dala miliyan 3, Kohl's kuma dala miliyan 2.5, saboda tallata rayon da sunan gora. Tambarin OEKO-TEX da ake gani a wasu kaya yana nufin an gwada su ba a sami sinadarai masu cutarwa fiye da kima ba. Bai ce komai game da laushi ko ƙarko ba.

A auna katifa tukuna

Nan ne sababbin zuwa suka fi asarar kuɗi. A gida da ƙafa muke magana: katifa shida-shida, ko huɗu da rabi, ko shida da bakwai. Shida-shida kuwa santimita 183 ce kowane ɓangare, kuma da wuya ka sami irinta a Turai ko Amurka. A Birtaniya gadon mutum ɗaya 90 ne da 190, na mutum biyu 135 da 190. Wanda suke kira King 150 ne da 200, alhali King na Amurka ya kai 193 da 203. Abin da Ba'amurke ke kira Queen, 152 da 203, shi ne ya yi kusa da King ɗin Ingila. A Jamus da yawancin makwabtanta ba a damu da sunaye ba, lamba ake rubutawa: 90, 140, 160 ko 180 a faɗi, 200 a tsawo. Ɗalibin da zai zauna a ɗakin kwanan jami'a a Amurka ya sani cewa gadajen can galibi sun fi na mutum ɗaya na yau da kullum tsawo da inci 5.

Abin ya fi muhimmanci ga zane mai roba a kusurwa, wanda ke kama katifa kamar hula. Idan ya gaza ba zai shiga ba, idan ya yi yawa zai tattare cikin dare. Shi ma kaurin katifar sai an auna, domin mai santimita 30 ba za ta shiga zanen da aka ɗinka wa mai 20 ba. Filo ma haka: na Birtaniya 50 da 75, na Jamus murabba'i ne, 80 da 80. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai sayen kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki, saboda haka a gwada zanen a kan gado kafin a jefa shi cikin ruwa.

Wankin farko

Masu sayen shadda sun san cewa ƙyallin bugu da sitaci ba ya wuce wankin farko. Haka zanen gado yake. Masana'antu sukan shafa masa abin da ke sa shi santsi a kanti, don haka sai bayan wanki biyu ko uku halinsa ke bayyana. Wanda ya yi kaushi bayan nan, dama can haka yake.

A wanke sabon zane kafin a kwanta a kai. Ruwa mai ɗumin digiri 40 ya wadatar a kullum, 60 kuma idan an yi rashin lafiya ko ana fama da asma. Ruwan ƙamshin nan na tausasa tufafi a rage shi, domin yana lulluɓe zaren ya hana shi shan gumi. Injin busarwa mai zafi sosai yana sa auduga ta tsuke, kuma shi ne ke cinye zane a ƙasashen da ba a samun ranar shanya. Mazauna Landan da kudu maso gabashin Ingila su lura cewa ruwansu yana da alli da yawa, wanda ke sa tufafi tauri ko da masu kyau ne.

Mai shirin tafiya yakan tambaya ko ya saya daga Kantin Kwari ko babbar kasuwar Katsina ya tafi da shi. Shimfiɗaɗɗen zane marar roba, idan auduga ce ta gaske kuma yana da yalwa, zai yi aiki a kan yawancin gadaje, kuma a nan aƙalla akwai damar taɓawa. Mai shakka ya zare sili ɗaya daga bakinsa ya kusanta shi da ashana: auduga takan ci da warin takarda ta bar toka, roba kuwa takan narke ta dunƙule. Mai roba a kusurwa dai a bari sai an isa an ga katifar. Idan kuma da sauran wuri a akwati, gwado ko luru saƙar hannu ya cancanci kilo biyun da zai ci, domin a kan bargo yana ƙara ɗumi, kuma da wuya a sami kantin da ke sayar da shi a can.