Kasuwar da ke bayan zaure

Da hantsi a Kazaure ko Roni, za ka ga yarinya ta fito daga zaure da faranti a ka, tana rangaɗa tallan ƙuli-ƙuli. Mai kayan tana cikin gida, ko ƙofar kasuwa ba ta taka ba, amma kafin azahar kuɗinta sun dawo a ƙulle a bakin zane. Wannan ciniki ya daɗe a ƙasar Hausa, sai dai masana tattalin arziki sun jima ba su sa shi a lissafi ba.

Cikin waɗanda suka fara ba shi haƙƙinsa akwai Polly Hill, Baturiyar Ingila da aka haifa a 1914. Gidan ilimi ta taso, domin kawunta shi ne shahararren masanin nan John Maynard Keynes, ita ma tattalin arziki ta karanta a Jami'ar Kambirij. Ta yi shekaru a Gana tana bin manoman koko har ta fitar da littafi a kansu a 1963. A kasuwar shanu ta Kumasi kuma ta nazarci yadda maigida ke saukar da fatake, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa.

A 1967 ta tare a Batagarawa, kudu da birnin Katsina. Nan ta ga matan kulle suna auna gero da dawa a tsakar gida, suna sayar da man gyaɗa, fura da tuwo, yara na kai da kawowa. Ta kwatanta gidajen da saƙar zuma: kowane ɗaki da nasa ciniki, amma duk a haɗe suke. Ta kuma lura da abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya: ya sayar da hatsinsa da araha da kaka, ya dawo yana sayen awo da tsada da damina. Maƙalarta kan wannan ɓoyayyen ciniki ta fito a 1969, littafinta kan Batagarawa a 1972.

Bayanta, Enid Schildkrout daga Amurka ta bi 'yan talla a Kano a daidai lokacin da shirin firamare kyauta na 1976 ya fara kai yara aji. Ta nuna cewa ribar faranti ce ke tara wa yarinya kayan ɗaki, kuma ranar da yaro ya shiga makaranta, uwarsa ta rasa ɗan aike.

Polly Hill ta rasu a 2005. A Babura da Gwiwa, iyaye mata na nan suna wannan lissafi kowace safiya, tsakanin jakar makaranta da farantin talla.