Sarewar Turai da Kakakin Kano

Kayan busa ba sa daɗewa sai da masu bukatarsu. A Turai, sarewar katako da ake kira rikoda ta yi tashe a ƙarni na 16, ana haɗa manya da ƙanana a busa tare. A ƙarni na 18 mabusa suka yi watsi da ita saboda sanyin muryarta, har sai da Arnold Dolmetsch ya sake ƙera ta a Ingila a 1919. Shi kuwa kakaki, wanda littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya fara amfani da shi, ya wanzu domin sarauta ce ke riƙe da shi. Har yau ana busa wa Sarkin Kano shi, tare da algaita da farai.