Ƙwallon ƙafa na yara a Samaru da Sabon Garin Zariya

Ƙwallon yara, ko ƙwallon unguwa, shi ne matakin farko na wasan ƙwallon ƙafa a ƙaramar hukumar Sabon Gari ta Jihar Kaduna, wadda Samaru ke cikinta. Ya ƙunshi ƙananan kulob-kulob na unguwanni, da ƙungiyoyin makarantu, da cibiyoyin horo da ake kira akadami, waɗanda ke raba yara bisa shekaru, galibi 'yan ƙasa da 13, da 15, da 17. Aikinsu biyu ne: gano yaro mai baiwa a raine shi, da kuma koya masa ladabin fili. Mafi yawan masu horarwar ba su da albashi, kuma da aljihunsu da karo-karon iyaye ake sayen ƙwallo da riguna.

Asali

Sabon Gari ya kafu ne a gefen tashar jirgin ƙasa bayan layin dogo daga kudu ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911. Ma'aikatan reluwe, da akawun kamfanoni, da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya suka zauna a can, kuma ta hannunsu da makarantun mishan da barikin soja ne wasan ya bazu. Samaru kuwa ta bunƙasa da cibiyar binciken aikin gona, sannan da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Jami'ar ta kawo filaye masu kyau, da sashen koyar da ilimin motsa jiki, da 'ya'yan ma'aikata daga kowace kusurwa. Shi ya sa a ƙungiya ɗaya a Muciya, ko Palladan, ko Hayin Dogo za a tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da ɗan kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, kuma da Hausa suke kiran juna a ba su ƙwallo.

Daga cikin 'yan wasan da aka haifa a Zariya akwai Shola Ameobi, wanda iyayensa suka tafi da shi Ingila yana ƙarami, ya yi shekaru a Newcastle United, ya kuma buga wa Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2014. Akwai marigayi Isaac Promise, kyaftin ɗin ƙungiyar da ta ciyo lambar azurfa a wasannin Olamfik na Beijin a 2008. A ƙwallon kwando ma garin na da suna: a nan Masai Ujiri ya tashi, ya samu horo a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe a jami'ar, kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta lashe gasar NBA a 2019.

Yadda ake rainon yaro

Yaro yakan fara ne a layi, babu takalmi, da duwatsu biyu a matsayin raga. Idan koci ya ga yana da ƙafa, sai ya nemi izinin mahaifinsa. Atisaye bayan La'asar ake yinsa, a filayen makarantun firamare da na sakandare, a tashi kafin kiran Magariba. Nan ake samun saɓani na farko, domin lokacin Islamiyya ke nan ga yara da yawa, kuma kocin da ya san abin da yake yi ba ya ja da malamin Islamiyya. Yakan mayar da horon ƙanana zuwa Alhamis da Juma'a, ranakun da allo ke hutu, ko kuma safiyar Asabar da Lahadi.

Filayen ƙasa ce tsura. Da rani ƙwallo na tsalle yadda ta ga dama, da damina kuma ruwa ya kwanta a bakin raga. Wannan na koya wa yaro tarar ƙwallo da saurin yanke shawara, amma yana cin gwiwa da idon sawu, ga shi ba kasafai ake samun mai duba rauni ba.

Daga unguwa, hanya takan bi ta gasar ƙaramar hukuma, da ƙungiyar jiha mai zuwa gasar kofin Ramat da ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, sannan kulob ɗin rukunin Nationwide League One, da sansanin Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, ga wanda ya yi fice.

Ƙa'idojin ɗa'a

Dokokin kulob na unguwa ba kasafai ake rubuta su ba, amma kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wanda ya makara zai zagaya fili. Wanda ya zagi alƙalin wasa ko ya ɗaga wa babba murya zai zauna a benci. Ana gaisawa da abokan karawa kafin wasa da bayansa. Wasu kociyoyi kan nemi ganin sakamakon jarrabawa a ƙarshen zango, su dakatar da mai fashin makaranta. Laifin da ake kora a kansa kai tsaye shi ne shaye-shaye, musamman tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Raunin tsarin shi ne dokokin sun fi hawa kan yara, alhali mafi munin laifuffukan na manya ne. Magoya baya ne ke kutsawa fili su yi wa rafali rubdugu idan ya ba da fenariti. Shugaban kulob ne ke ɗauko sojan haya daga wata unguwa a ranar wasan ƙarshe. Babba ne ke binne laya a bakin raga yaro yana kallo. Ɗan shekara 12 da ya ga haka ya riga ya ɗauki darasin da ya fi na atisaye ƙarfi. Gasar da ke son gyara sai ta hukunta kulob a kan halin magoya bayansa, ta hanyar cire maki ko kora, kamar yadda ake yi a gasar ƙwararru.

Matsalar shekaru

Babu abin da ya fi lalata rainon 'yan wasa kamar rage shekaru. Ta hannun Golden Eaglets, Najeriya ta lashe kofin duniya na matasa sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 1989 FIFA ta dakatar da ita daga gasannin matasa saboda saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. A gasar 2009, wadda Kaduna da Kano ke cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta, aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekaru. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji a sansanin Eaglets, kuma Nijar ta fitar da Najeriya daga wasannin share fage.

A unguwa ba a da MRI. Abin da ake da shi takardar haihuwa ce ta hukumar ƙidaya, ko takardar rantsuwa ta kotu, wadda samunta ba wuya. Idan ɗan shekara 19 ya shiga gasar 'yan 15, yakan ci kofi, amma yaro na gaskiya da ya fi shi baiwa ya koma benci, wani lokaci ya bar wasan ke nan. Shaidar da ta fi wuyar murɗawa ita ce rajistar makarantar firamare da sanin mutanen unguwa, domin maƙwabta sun san shekarar da aka yi sunan kowane yaro.

Rajista da dillalai

Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Duk da haka dillalan bogi na karɓar kuɗin iyaye da alkawarin gwaji a Turai, har wasu su sayar da fili ko gona. Dokar ta kuma tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasashe, a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob ɗin da ya yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ya kuma shigar da sunan yaron, shi kaɗai ke iya neman wannan haƙƙi. Da yawa daga ƙungiyoyin unguwa ba su da wannan rajista, saboda haka kocin da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi ba ya cikin lissafi ranar da aka sayar da shi.